Tambaya da Amsa: Karon Mishigan da Ohayo, Wasan da Ya Fi Kofi Nauyi

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru ne a kan wasa guda, wato karon da za a yi tsakanin Jami'ar Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ranar Asabar 29 ga Nuwamba 2025, a garin Ann Arbor. Na zaɓi wasu daga cikinsu, na kuma taƙaita waɗanda suka yi tsawo. Duk amsoshin da ke ƙasa na rubuta su ne kafin a buga wasan.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga filin wasan Mishigan a talabijin ya cika maƙil, aka ce mini wai 'yan wasan duk ɗalibai ne. Yaya wasan makaranta zai tara jama'a haka? Kuma ina roƙon a ɗan yi mini bayanin yadda ake buga shi, domin ni ture-ture kawai nake gani.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne, ɗalibai ne, kuma filin da ka gani yana ɗaukar mutum 107,601, wanda hakan ya sa babu filin wasa da ya kai shi girma a duk faɗin Amurka. Na abokan hamayyarsu da ke birnin Kolambus, wanda ake yi wa laƙabi da Kofaton Doki saboda siffarsa, shi ma yana ɗaukar sama da mutum 102,000. Dalilin wannan cika shi ne a jami'o'i aka haifi wasan, a can kuma ya girma. An buga karon farko tsakanin jami'o'in Rutgers da Princeton a 1869, alhali gasar ƙwararru ta NFL ba ta kafu ba sai a 1920, lokacin da manyan jami'o'i sun riga sun mallaki magoya bayan da suka gaji ƙaunar ƙungiya daga iyaye da kakanni. Har yau duk wanda ke son shiga NFL kusan dole ne ya biyo ta jami'a, domin ba a ɗaukar ɗan wasa sai ya yi shekara 3 da gama sakandare.

Game da yadda ake bugawa, kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, tsawon filin kuma yadi 100 ne, irin yadin da tela yake aunawa, ban da wurin ci da ke kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama 4 ta ci gaba da yadi 10, ko dai wani ya runguma ta ya kutsa da gudu, ko kuma madugunsu, wanda suke kira kwatabak, ya jefa wa wani ya cafe. Idan ta cika yadin sai a sabunta mata damar, idan ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, shi ya sa galibi a dama ta huɗu ƙungiya take gwammace ta doka ƙwallon ta yi nisa. Wanda ya kai ƙwallo wurin ci ya samu maki 6, da damar ƙara 1 ko 2, wanda kuma ya buga ta ta wuce tsakanin sandunan nan biyu masu tsawo ya samu maki 3. Ana raba wasan kashi 4, kowanne minti 15, amma saboda yawan tsayar da agogo yakan haura awa 3. Ture-turen da kake gani kuwa a nan ne ake cin wasan ko a faɗi, kuma zan dawo kansa a ƙasa.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Malam, ruwa ba ya tsami banza. Mene ne asalin wannan gaba, kuma me ya sa ta fi ta sauran jami'o'i zafi?

Amsa: Malam, masu ba da labarin sukan fara ne daga rikicin iyaka da aka yi a 1835 zuwa 1836, shekaru da yawa kafin a san ƙwallon kanta. Jihar Ohayo da yankin Mishigan, wanda a lokacin bai zama jiha ba, sun yi jayayya a kan wani siririn yanki da garin Toledo yake ciki, har kowa ya tara mayaƙansa a bakin iyaka. Ana kiran abin yaƙi, amma ba a rasa rai ba, raunin da aka fi tunawa da shi shi ne na wani jami'in tsaron Mishigan da aka soka da 'yar ƙaramar wuƙa. A ƙarshe majalisar dokokin Amurka ta bar wa Ohayo Toledo, ta ba Mishigan babban yankin da ke arewa da tafki, ta kuma zama jiha a 1837. A ganina ana ɗan ƙara wa wannan labari gishiri idan aka ce shi ne ya haifi gabar ƙwallo. Abin da ya fi rura wutar shi ne maƙwabtaka, domin tsakanin Ann Arbor da Kolambus tafiyar kimanin kilomita 300 ce, jami'o'in biyu suna gasa ɗaya, kuma yara ɗaya suke zawarci daga makarantun sakandare.

An fara karawa a 1897, Mishigan ta ci 34 da nema. A karo 15 na farko Ohayo ba ta yi nasara ko sau ɗaya ba, ta sha kashi sau 13, aka yi canjaras sau 2, sai a 1919 ta samu kanta. Wannan raini da aka daɗe ana yi mata ne ya haifar da wata al'ada da har yau ake yi. A 1934 an tambayi sabon kocin Ohayo, Francis Schmidt, yadda zai yi da Mishigan, sai ya amsa da cewa su ma ƙafa ɗaya-ɗaya suke zura wa wando kamar kowa. Yaransa suka lallasa Mishigan shekara 4 a jere ba tare da ta ci ko maki ɗaya ba, daga nan kuma duk ɗan wasan Ohayo da ya doke Mishigan ake ba shi wani ɗan ƙaramin wando na zinariya, wanda bai wuce a rataya shi a sarƙar wuya ba, ɗauke da haruffan farko na sunansa da sakamakon wasan. Tun 1935 aka mayar da karon ya zama na rufe kakar wasa, in ban da 'yan shekaru ƙalilan, kuma sau da yawa shi ne yake raba gardamar wanda zai zama zakaran Big Ten, gasar da jami'o'in biyu suke ciki.

Akwai wasan 1950 da ba a mantawa da shi, wanda aka buga a Kolambus cikin guguwar ƙanƙara mai tsanani har ba a iya ganin layukan fili. Kowane ɓangare ya ga cewa riƙe ƙwallo haɗari ne, don haka suka yi ta doka wa juna ita har sau 45. Mishigan ba ta cika yadi 10 ko sau ɗaya ba, ba ta kuma yi jifa ko ɗaya da aka cafe ba, amma ta ci 9 da 3, kuma duk makinta ya fito ne daga tare bugun Ohayo. Kocin Ohayo ya ajiye aiki bayan wannan kaka, aka kawo Woody Hayes a 1951.

Da Hayes ne gabar ta kai matuƙa. Mutum ne da ba ya son ambaton sunan Mishigan, sai dai ya ce ƙungiyar nan ta arewa, kuma ana ba da labarin cewa ya taɓa ƙin shan mai a cikin jihar Mishigan don kada kuɗinsa ya amfane ta. A 1968 ya ragargaza Mishigan da 50 da 14. Shekara na zagayowa Mishigan ta ɗauko Bo Schembechler, wanda ya taɓa buga wasa a ƙarƙashin Hayes, ya kuma yi masa mataimaki, wato dai yaron gida ne da ya san sirrin maigidansa. A karonsu na farko a 1969 yaron ya kayar da maigida da 24 da 12, ya katse wa Ohayo jerin nasarori 22. Shekara 10 suka yi suna gwabzawa har zuwa 1978, Schembechler ya ci 5, Hayes ya ci 4, aka yi canjaras 1. Wannan canjaras na 1973, wanda aka tashi 10 da 10, ya fi wasu kayen ciwo a Ann Arbor, domin shugabannin wasanni na jami'o'in gasar ne suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi Ohayo ta wakilce su a Rose Bowl, babban wasan da ake yi bayan kammala kaka. A 2006 kuma, lokacin da ƙungiyoyin biyu suke matsayi na ɗaya da na biyu a ƙasar, Schembechler ya rasu ana gobe wasa, Ohayo ta ci 42 da 39. A lissafin da hukuma ta amince da shi zuwa 2024, Mishigan tana da nasara 62, Ohayo 51, canjaras 6.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: Malam, na ji an ce kocin Ohayo ya ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya a farkon shekarar 2025, amma har yanzu wasu magoya bayansa ba su yafe masa ba saboda Mishigan. Ni a sanina wanda ya ɗauki kofi ya gama magana. Ko akwai abin da ban fahimta ba?

Amsa: Alhaji, wannan tambaya taka ita ce zuciyar wasan 2025. Gaskiya ne Ryan Day ya kai Ohayo ga kofin ƙasa ranar 20 ga Janairu 2025, bayan ya doke Tennessee da Oregon da Texas, sannan Notre Dame da 34 da 23 a wasan ƙarshe a Atlanta. Gaskiya ne kuma cewa a karo 5 da ya yi da Mishigan yana koci zuwa 2024 sau ɗaya kawai ya yi nasara, a 2019, da 56 da 27. Ba a buga na 2020 ba saboda annobar korona. Daga nan ya sha kashi 42 da 27 a 2021, da 45 da 23 a 2022, da 30 da 24 a 2023, sai kuma 13 da 10 a 2024. Abin da ya ƙara wa mutanen Kolambus zafi shi ne daga 2001 zuwa 2019 sau 2 kaɗai Mishigan ta doke su, don haka akwai manyan samari a Ohayo da suka tashi suna ɗaukar cin Mishigan tamkar gadon gidansu.

Kayen 2024 ne ya fi ƙona rai. Mishigan ta zo Kolambus da nasara 6 da faɗuwa 5, kocin da ya ɗaukar mata kofin ƙasa a kakar 2023, Jim Harbaugh, ya riga ya koma NFL, manyan 'yan wasanta da dama sun tafi, masu hasashe kuma suna ba Ohayo rata ta kusan maki 20. Madugun Mishigan yadi 62 kacal ya samu ta hanyar jifa a duk wasan. Amma mai bugun Ohayo ya ɓarar da bugu 2, madugunsu ya jefa ƙwallo hannun abokan gaba sau 2, kuma bayan an dawo hutun rabin lokaci ba su ƙara ko maki ɗaya ba. Ana 10 da 10 a kashi na ƙarshe, Jack Sawyer na Ohayo ya cafe wata ƙwallo da madugun Mishigan ya jefa ana dab da cin Ohayo, fili ya ɗauki sowa, kowa ya ɗauka an tsira. Sai dai Ohayo ta kasa motsawa, ta mayar da ƙwallo. Daga nan Kalel Mullings na Mishigan, a lokacin da ake ganin an riga an tare shi, ya suɓuce daga hannun masu riƙonsa ya yi gudun yadi 27, kuma saura daƙiƙa 45 a tashi Dominic Zvada ya buga ƙwallon da ta raba gardama. Bayan an tashi 'yan wasan Mishigan suka yi yunƙurin kafa tutarsu a tsakiyar filin Ohayo, Sawyer ya fizge ta, faɗa ya kaure, har 'yan sanda suka fesa barkono, hukumar Big Ten kuma ta ci kowace jami'a tarar dala 100,000.

A da, irin wannan kaye yakan kashe kakar ƙungiya gaba ɗaya, kuma yakan ci kujerar koci. John Cooper ya yi shekara 13 yana tara wa Ohayo nasarori, amma da Mishigan ya ci 2, ya faɗi 10, ya yi canjaras 1, kuma da wannan lissafi ake tunawa da shi har gobe. Wanda ya gaje shi a 2001, Jim Tressel, ya fahimci inda gizo ke saƙa, domin a ranar da aka gabatar da shi ga ɗalibai ya yi musu alkawarin za su yi alfahari da 'yan wasansu nan da kwana 310 a Ann Arbor, kuma ya cika alkawarin. Abin da ya ceci Day shi ne an faɗaɗa gasar cin kofin ƙasa daga ƙungiyoyi 4 zuwa 12 a kakar 2024, don haka kayen bai rufe masa ƙofa ba. Wasu masu sharhi sun yi zaton wannan sauyi zai rage wa karon daraja, tunda yanzu ana iya faɗuwa a hannun Mishigan a kuma ɗauki kofi. Ni ban ga alamar haka ba. Kofi ana neman sa ne da ƙungiyoyin da ba a haɗa komai da su ba, Mishigan kuwa maƙwabciya ce, kuma magoyin bayan Ohayo da ke zaune a Toledo yana shiga ofis ɗaya da na Mishigan kowace safiya har shekara ta zagayo. Akwai 'yan wasan da suka yi shekara 4 a Kolambus, suka fita da zoben zakarun ƙasa a yatsa, amma babu ɗan wandon zinariya ko ɗaya a wuyansu, kuma Sawyer yana cikinsu.

Su ma mutanen Ohayo suna da abin da suke mayar wa Mishigan da shi, wato badaƙalar leƙen alamomin da kocin abokan karawa ke yi wa 'yan wasansa, wadda ta fito fili a 2023, kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta hukunta Mishigan a kanta da tara mai nauyi a Agusta 2025. Sai dai wannan hujja ba ta yi musu maganin kayen 2024 ba, domin an yi shi ne bayan asirin ya riga ya tonu.

Tambaya daga wata uwa a Kaduna: Ɗana yana karatu a Kolambus, ya turo mini hotunan allunan makarantarsu duk an manne wani harafi da jan salatif. Lafiya kuwa?

Amsa: Lafiya lau, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A makon wasan ɗalibai sukan bi duk inda harafin M yake a harabar jami'ar su rufe shi, domin da shi sunan Mishigan ya fara. Akwai kuma gasar da ta fi wannan amfani, wadda jami'o'in biyu suke yi tun 1982, ta ganin wadda ɗalibanta za su fi ba da gudummawar jini ga asibitoci kafin ranar wasa.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: Shin akwai 'yan asalin Afirka da suka taɓa yin fice a wannan karo?

Amsa: Akwai. Tim Biakabutuka, wanda aka haifa a Kinshasa, ya yi gudun yadi 313 shi kaɗai a 1995, ranar da Mishigan ta kayar da Ohayo da ta zo ba a taɓa doke ta ba a wannan kaka. David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya tashi a Sukotilan, yana cikin masu tsaron Mishigan da suka karya jerin nasarori 8 na Ohayo a 2021. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Emeka Egbuka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya bar Ohayo a 2025 yana riƙe da tarihin yawan cafe ƙwallo a jami'ar.

Tambaya daga wani mai gidan kallon ƙwallo a Jos: Malam, ƙarfe nawa za a fara a agogonmu, me ya kamata mu sa wa ido, kuma a ganinka wa zai ci?

Amsa: Za a fara da ƙarfe 12 na rana a agogon gabashin Amurka, wato ƙarfe 6 na yamma a Najeriya da Nijar, ƙarfe 5 a Gana, don haka ka tanadi man janareta da zai kai ka ƙarfe 10 na dare.

A takarda Ohayo ce a gaba. Ta buɗe kakar 2025 da doke Texas da 14 da 7, tsaronta yana cikin mafi tsauri a ƙasar, kuma a cikinsa akwai Caleb Downs, wanda da wuya ƙwallo ta wuce bai san inda ta nufa ba. A gaba tana da madugu Julian Sayin, wanda ya komo daga Alabama, mai jifa ne da ba ya yawan kuskure, tana kuma da Jeremiah Smith, mai cafiyar da mutum ɗaya ba ya iya tsare shi. Mishigan, ƙarƙashin kocinta na kakar 2025, Sherrone Moore, ta ɗora nauyinta a kan Bryce Underwood, yaro ɗan shekarar farko daga garin Belleville da ke kusa da Ann Arbor, wanda ya fasa zuwa Jami'ar Jihar Luwiziyana ya tsaya gida. Yana da ƙarfin hannu da gudu, amma ƙuruciya ba ta ɓuya, kuma an ga hakan a kayen da suka sha a gidan Oklahoma da na USC, wato Jami'ar Kudancin Kalifoniya.

Abin da zan ce ka sa wa ido shi ne ture-turen nan da ɗalibinmu na Zariya ya yi ƙorafi a kansa. Sama da shekara 20 ke nan a jere ƙungiyar da ta fi yawan yadi ta hanyar gudu da ƙwallo ita ce take cin wannan wasa, kuma dalilin a fili yake. Ƙarshen Nuwamba lokacin sanyi ne da iska a wannan yanki, wani lokaci har da ƙanƙara, jifa mai nisa yakan yi wuya, sannan wanda ke iya ture abokin karawarsa shi ke riƙe ƙwallo, ya cinye lokaci, ya bar gwanayen ɗaya ɓangaren a bakin fili suna jin ɗari. Haka Mishigan ta yi a 2021, ranar da Hassan Haskins ya kai ƙwallo wurin ci sau 5 ana zubar ƙanƙara. Kuskuren Day a 2024 shi ne ya nace sai ya nuna cewa yaransa ma ƙarfafa ne, ya yi ta tura masu gudu cikin tsakiyar tsaron Mishigan, inda ƙarfinta yake, alhali Smith yana gefe ana ta neman yadda za a yi da shi. Manyan masu tsaron tsakiyar nan biyu, Mason Graham da Kenneth Grant, sun tafi NFL, wanda hakan sauƙi ne babba ga Ohayo.

Hasashena shi ne Ohayo za ta yi nasara, muddin Day ya bar Sayin ya yi jifa tun daga farko, ya kuma tilasta wa Underwood bin sawu daga baya. Amma idan aka shiga kashi na huɗu ratar ba ta wuce maki 7 ba, to ka dubi fuskokin 'yan Ohayo a bakin fili, domin mutum sama da 100,000 za su riƙa tuna musu da shekara 4 da suka wuce, kuma a wannan hali ba zan yi mamaki ba idan wasan ya sake komawa ƙafar Zvada, wanda yake Mishigan a kakar 2025.